Darasi na Tara: Kariyar Shari'a ga Mai Kai Rahoton Barazana a Makaranta

9.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda shari'a ke kare mutumin da ya ji ana barazanar kai hari a makaranta, ya kuma sanar da hukumarta. Kariyar da ake nufi a nan ita ce ta ƙarar neman diyya, wato ƙarar da wani zai shigar yana cewa an ɓata masa suna, ba tuhumar da gwamnati ke yi wa mai laifi ba. An ɗauko misalin daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin dokarta gajeriya ce, kuma kowace kalma a cikinta tana ɗauke da nauyi.

9.1 Asalin Matsalar

A ranar 20 ga Afrilu, 1999, wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar sakandare ta Columbine da ke jihar Kolorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami 1 a ranar. Bayan wannan ta'asa, hukumar da ke tsaron lafiyar shugaban Amurka da Ma'aikatar Ilimi suka nazarci hare-hare 37 da aka kai a makarantu tsakanin 1974 da 2000. Rahoton da suka fitar a 2002 ya nuna cewa a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren, akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da shirin tun kafin a aiwatar da shi, kuma galibi ɗalibi ne.

Ashe ke nan labari yakan fita, bakin da zai kai shi inda ya dace ne ke nauyi. Ɗalibi yana gudun a kira shi ɗan tsurku, yana kuma tsoron ramuwar gayya. Iyaye da malamai kuwa suna da wani tsoron na daban: idan bincike bai tabbatar da zargin ba, dangin wanda aka ambata suna iya maka su a kotu. Ko da an yi watsi da ƙarar daga baya, kuɗin lauya kaɗai ya isa ya karya magidanci.

9.2 Abin da Dokar Ta Tanada

A shekarar 2001 majalisar dokokin Kalifoniya ta ƙara sashe na 48.8 a kundin dokokinta na haƙƙoƙin jama'a. Sashen ya ce duk wanda ya sanar da shugaban makaranta cewa wani mutum takamaimai ya yi barazanar tayar da fitina a harabar makaranta da bindiga ko wani mugun makami, to maganarsa ta shafi maslahar jama'a. Ba za a kama shi da ɓata suna ba sai an kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa ya san ƙarya yake yi, ko kuwa ya yi ko-oho da gaskiyar maganar ko rashinta. Wannan ma'auni ba sabo ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ce ta kafa shi a 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan.

9.3 Nazarin Kalmomin Dokar

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya natsu. Dokar ba ta tambayi ko rahoton ya zamo gaskiya ba. Abin da ta tambaya shi ne abin da mai maganar ya sani lokacin da yake yin ta. Hausa ma ta bambanta kuskure da ƙage. Yarinyar da ta ji ɗan ajinsu ya ce zai zo da bindiga gobe, ta gaya wa malamarta, daga baya ya bayyana cewa cika baki yake yi, kuskure ta yi, kuma doka tana tare da ita. Wanda ya ƙirƙiri maganar don ya huce haushi, ƙage ya yi, ba shi da mafaka. Tsakanin waɗannan biyu akwai mai ko-oho, wanda yake da ƙwaƙƙwaran shakku a kan labarin amma ya yaɗa shi haka nan. Shi ma dokar ta bar shi a fili.

Haka kuma wanda aka faɗa wa maganar yana da muhimmanci. Ɗalibi yana iya sanar da malaminsa ko jami'in ba da shawara ko ma'aikaciyar jinyar makaranta, kuma kariyar tana bin rahoton har ya isa ga shugaba. Wanda ba ɗalibi ba, shugaban makaranta kaɗai dokar ta ambata masa. Jimla ɗaya tak, idan aka faɗe ta a ofishin shugaba rahoto ce, idan aka baza ta a Facebook ta fita daga inuwar wannan sashe.

Sai dai dokar tana da iyaka. Ba ta hana a shigar da ƙara ba, ta dai tsananta hujjar da ake bukata kafin a yi nasara, don haka wahalar zuwa kotu ba ta kau gaba ɗaya ba. Ta kuma tsaya ga makarantu daga ajin rainon yara zuwa aji na 12, wato kwaleji irin ta horar da malamai ba ta ciki. Jihar Kolorado ta bi wata hanyar: a 2004 aka buɗe shirin Safe2Tell, inda ake karɓar rahoto ba tare da an nemi sunan mai kawo shi ba.

Jinga

Bayyana bambancin ma'ana tsakanin rahoto da tsegumi da ƙage, tare da misalin jimla ga kowanne. Sannan tattauna dalilin da ya sa dokar ta faɗaɗa wa ɗalibi waɗanda zai iya sanarwa fiye da sauran jama'a.