Masu kwasar shara

Tun da asuba, kafin yara su tafi lakkol, masu kwasar shara sun riga sun fito aiki. A Damagaram ana ganinsu cikin Birni da Zango da Sabon Gari. Wasu ma'aikatan magajin gari ne, suna bin babbar mota. Wasu kuwa aikin kansu suke yi, suna bi gida gida da amalanken jaki. Kayan aikinsu shebur ne da manjagara da tsintsiya. Su ne ke raba gari da ƙazanta, amma aikin nan yana da haɗari da yawa.

Haɗari na farko shi ne rauni. Cikin shara akwai fasassun kwalabe, da gwangwani mai kaifi, da ƙusa, da reza. Mai kwasar shara ba ya ganinsu sai sun yanke shi. Ƙwayar cutar tetanos tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. In ta shiga ta rauni, bayan kwana 3 zuwa 21 sai haƙora su sarƙe, wuya ya sandare, jiki ya riƙa fizga. Cutar nan tana kisa. Allurar da aka yi wa marar lafiya aka yar, in ta soki mutum, tana iya sa masa ciwon hanta.

Na biyu shi ne abin da yake shaƙa. Da hunturu ƙurar juji tana shiga hanci da idanu. In aka cinna wa juji wuta, leda da tsofaffin tayoyi suna fid da baƙin hayaƙi mai dafi, wanda ke kawo tari da ciwon ƙirji. A shekarar 2014 Nijar ta yi dokar hana leda marar kauri, amma har yau leda ba ta rabu da juji ba.

Na uku shi ne ciwon ciki. Da damina shara tana jiƙewa, ta ruɓe, ta gauraya da bayan gida, ƙudaje su taru. Wanda ya taɓa ta, ya ci abinci bai wanke hannu ba, yana iya kamuwa da zawo, ko tsutsar ciki, ko kwalara, irin wadda ta ɓarke a jihar Maradi a shekarar 2018.

Ga kuma zafin bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Mai aiki cikin rana yana zufa ƙwarai. In bai sha ruwa isasshe ba, sai jiri ya kwashe shi. Ɗaukar kaya mai nauyi kullum kuma yana kawo ciwon baya.

Rigakafi ya fi magani. Mai kwasar shara yana bukatar safar hannu mai kauri, da takalmin roba, da ƙyallen rufe hanci, da allurar rigakafin tetanos. In ya ji rauni, ya wanke da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti ran nan.

Mutanen gida su ma suna da nasu aiki. A naɗe fasasshiyar kwalba cikin takarda mai kauri kafin a yar. A sa reza da allura cikin gwangwani, a rufe bakinsa. Kada a zuba kashin yara ko garwashi cikin shara. Abin da hannu ɗaya ya yar, wani hannu ne zai ɗauke shi, kuma mai hannun nan yana da iyali da ke jiran dawowarsa lafiya.

Tambayoyi

1. Ina ƙwayar cutar tetanos take zaune? Ta ina take shiga jiki?
2. Don me ba shi da kyau a ƙona leda?
3. Me ya kamata mai kwasar shara ya yi in ya ji rauni?

Aiki

Ku duba sharar gidanku, ba tare da kun taɓa ta ba. Ku rubuta abubuwa 3 da ke iya yi wa mai kwasar ta rauni.