Tseren Keken Hawa Duwatsu: Gasar da Ba a Cinta Sai da Abokin Tafiya

A darasinmu na wannan makon, mu 'yan kulob ɗin 'yan jarida mun kawo muku bayani a kan tseren keken hawa duwatsu. Da yawa daga cikinmu da keke muke zuwa makaranta, amma ba kowa ya san cewa akwai gasar da in mutum ya tsere wa abokinsa sai a hukunta shi ba.

Asalin wasan

Wannan wasa ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarun 1970. Wasu matasa ne suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A shekarar 1976 suka fara wani tsere da suka sa wa suna Repack. Dalilin sunan shi ne birkin yakan yi zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cika shi bayan an gangaro. Sannu a hankali aka fara ƙera keke na musamman mai ƙarfin jiki, da taya mai haƙora, da giya masu yawa. A shekarar 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Gasar Cape Epic

A nan Afirka akwai wata babbar gasa mai suna Cape Epic, wadda ake yi kowace shekara a yankin Western Cape na Afirka ta Kudu. Wani mutum mai suna Kevin Vermaak ne ya kafa ta, kuma an fara ta a shekarar 2004. Kwana takwas ake yi ana tseren. Hanyar tana canzawa duk shekara, amma tsawonta yakan kai kilomita 600 zuwa 700, wato kamar a yi tafiyar Kano zuwa Kaduna sau uku. Idan aka haɗa duk hawan da suke yi, yakan kai wajen mita 15,000. Dutsen Everest da ya fi kowane dutse tsawo a duniya mita 8,849 ne.

Ƙwararru suna shiga gasar, amma yawancin mahayan ba sana'arsu ba ce. Mutane ne masu aikinsu na yau da kullum, suna atisaye da asuba ko a ƙarshen mako. Da dare da yawansu a cikin tanti suke kwana, gari ya waye su sake hawa.

Dokar minti biyu

Ba a shiga wannan gasa mutum ɗaya. Dole a zama biyu-biyu, maza biyu, ko mata biyu, ko mace da namiji. Dokar ta ce kada tazarar da ke tsakanin abokan biyu ta wuce minti biyu. Idan aka kama su sun rabu fiye da haka, sai a hukunta su. Kuma lokacin wanda ya iso a baya shi ne lokacin ƙungiyar.

Saboda haka mai ƙarfi ba ya amfana da ƙarfinsa idan ya bar ɗan uwansa. Abin da yake yi shi ne ya shige gaba ya tare masa iska, don na baya ya samu sauƙin tuƙi. Idan tayar ɗaya ta yi faci ko sarƙa ta tsinke, su biyu suke tsayawa su gyara. Yau wannan ne ya gaji, gobe kuma wancan. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda suke atisaye

Masu shiga irin wannan gasa sukan ɗauki watanni suna shiri. Ga muhimman abubuwan da suke yi:

1. Doguwar tafiya a hankali. Suna tuƙi na awoyi da saurin da za su iya hira ba tare da haki ba. Wannan yana ƙarfafa zuciya da huhu.

2. Hawan tudu. Sukan hau da ƙarfi na 'yan mintuna, su gangaro su huta, su sake hawa. A kan tudu ana sa giya mai sauƙi, don ƙafa ta riƙa juyawa ba tare da an wahalar da gwiwa ba.

3. Koyon gangara. Mahayi yana ɗagawa daga kan sirdi, ya lanƙwasa gwiwa da hannu, ya matsa birki biyu a hankali. Wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi yana iya wuntsilawa ta kan keken. Ido kuma yana kallon inda ake son bi, domin keke yana bin inda ido ya kalla.

4. Abinci da ruwa. Ba sa jira sai ƙishirwa ta kama su. Suna kurɓar ruwa a kai a kai, suna cin abu mai ba da kuzari kamar ayaba.

5. Hutu. A lokacin hutu da barci ne tsoka take gyara kanta ta ƙara ƙarfi. Wanda ba ya hutawa rauni yake jawo wa kansa.

6. Atisaye tare. Abokan biyu suna fita tare don kowa ya san saurin ɗan uwansa. Suna koyon faɗin gaskiya, in mutum ya gaji ya ce ya gaji, kada kunya ta sa ya yi shiru har ya faɗi a hanya.

Ban da waɗannan, babu wanda ake bari ya hau ba tare da hular kwano ba. Kafin a tashi kuma ana duba birki, da iskar taya, da sarƙa.

Abin da ya shafe mu

Idan an tashi daga makaranta, wasu daga cikinmu sukan yi rige-rige a kan titi, babu hula, wani keken ma birkinsa bai kama sosai. Masu tseren gaskiya suna yin nasu ne a hanyar da aka tanada, da ma'aikatan lafiya a kusa. Titin mota ba filin tsere ba ne. Sannan sau da yawa ƙannenmu 'yan aji ɗaya ne ake bari a baya su kaɗai, alhali su ne suka fi buƙatar a jira su wajen tsallaka titi.

Don haka muna kira ga duk masu zuwa da keke da su duba birkinsu tun yau, kuma kowa ya samu abokin tafiya, su riƙa zuwa tare suna komawa tare. Muna kuma roƙon malaminmu na wasanni da ya ware mana wata rana a filin makaranta, mu gwada tseren biyu-biyu da irin wannan doka, mu ga wace ƙungiya ce za ta iso tare. Allah ya tsare mu a hanya, amin.