Ka daɗe a kan babur, amma yaushe rabonka da gwada birki?

Idan ka ce wa mutumin da ya shekara goma sha yana hawa babur ya je a ƙara masa horo, amsar da za ka ji ba ta wuce, "Ni za a koya wa tuƙi?" Zai ƙirga maka garuruwan da ya je da buhunan da ya ɗauko, ya ce tun ana yayin Jincheng yake kan hanya. Kuma gaskiya ya faɗa. Duk da haka shawarata gare ka, ɗan'uwa, ko ɗan acaɓa ne kai, ko ɗan kabu-kabu, ko ma'aikacin da ke zuwa ofis a kan Boxer, ita ce ka nemi horon nan. Ya cancanci kuɗinka da wuninka. Sai dai ba kowane horo ba, don akwai wanda gara a ce ba ka je ba.

Daɗewa a kan babur tana koya wa mutum abin da yake yi kullum: canza giya, ratsa cunkoso, sanin ramukan unguwa, daidaita kaya da fasinja. Abin da ba ta koyarwa shi ne abin da ba ya faruwa kullum. Sau nawa a shekara yaro yake faɗo maka titi a guje? Sau nawa mota take shan gabanka a mahaɗa kana tsakiyar gudu? Ƙila sau ɗaya, ƙila sau biyu. Ke nan aikin da ranka ya rataya a kansa shi ne wanda hannunka bai saba da shi ba.

A shekarar 1981 aka fitar da wani bincike a Amurka wanda har yau masu koyar da tuƙin babur suke komawa gare shi. Farfesa Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da abokan aikinsa sun bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, suna zuwa wurin da abin ya faru suna aunawa. Sun gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a yawancin waɗannan direban motar ne ya shiga hanyar mai babur, sau da yawa don bai ma gan shi ba. Lokacin da mai babur yake samu ya ceci kansa bai cika daƙiƙa biyu ba. A cikin wannan ɗan lokaci, akasarinsu sun danne birkin baya har taya ta ja ƙasa, sun bar na gaba bai yi aikinsa ba. Kashi 92 cikin ɗari na waɗanda haɗarin ya rutsa da su da kansu suka koyi tuƙi, ko wani ɗan'uwa ko aboki ya koya musu. Titunan Los Angeles ba na Kano ko Maraɗi ba ne, amma duk wanda ya karanta wannan zai ga kanmu a ciki.

Maganar birki ita ce ta fi damuna, don haka bari in tsaya a kanta. Da yawanmu an koya mana tun ranar farko cewa birkin hannu yana kayar da mutum. Shi ya sa za ka ga babura wayar birkin gaba ta saki, ko ta tsinke an bar ta haka wata da watanni, mai shi yana ta harkarsa da na ƙafa. To ga yadda abin yake. Idan ka kama birki, nauyinka da na babur da na fasinja duk gaba suke tafiya. Tayar gaba ta ƙara manne wa kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau. Saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa, kusan kashi 70 cikin ɗari a busasshiyar kwalta, a tayar gaba yake. Mai dogaro da birkin ƙafa kaɗai ya zubar da fiye da rabin abin da zai tsayar da shi.

Waɗanda birkin gaba ya kayar ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya kayar da su fizga ce. Idan ka cafke shi lokaci guda kafin nauyi ya sauka a gaba, ko kan babur yana karkace, ko kana kan yashi, tayar za ta kulle ta zame. Ana matsa shi ne kamar yadda ake matse lemon tsami: a fara a hankali, sannan a ƙara ƙarfi har a kai ƙarshe, duk a cikin ƙiftawar ido, tare da taka na baya daidai gwargwado. Manyan babura na zamani suna da na'urar ABS mai hana taya kullewa, amma yawancin waɗanda muke hawa ba su da ita, don haka yatsunka ne za su yi aikinta. Wannan ba a koyon sa da baki, kuma ba a koyon sa ranar da tifa ta tsaya a gabanka.

Ka haɗa da lissafin gudu. A kilomita 60 cikin sa'a kana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tun kafin yatsanka ya taɓa birki. Kuma idan ka ninka gudu, nisan da birki yake buƙata ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne.

Abu na biyu da horo yake gyarawa shi ne kaucewa. Da zarar babur ya wuce gudun keke, ba a juya shi da karkata jiki kawai. Idan kana son ya kwanta dama da sauri, hannun dama kake ɗan turawa gaba. Idan hagu, na hagu. Duk mai babur yana yin haka ba tare da ya sani ba, amma wanda ya sani ya kuma gwada shi ne yake iya yin sa da gangan lokacin da akuya ta shigo hanya. Haka ma ido: babur yana bin inda kake kallo. Ka zuba wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Ka kalli mafita.

Yanzu ga gargaɗin. A shekarar 2010 masana na cibiyar Cochrane sun tattara bincike 23 kan horar da masu babur, suka ce ingancin binciken bai kai a yanke hukunci cewa horo yana rage haɗari ba. A Norwe kuma, a shekarun 1980, an koya wa sababbin direbobin mota yadda ake sarrafa mota a kan titi mai santsi, sai aka ga haɗarin samari a irin wannan titi ya ƙaru. Dalilin a fili yake: an ƙara musu yarda da kai fiye da yadda aka ƙara musu iyawa, suka daina jin tsoron abin da ya kamata su ji tsoro. Duk horon da za ka fito daga cikinsa kana jin yanzu za ka iya shan kwana da gudun da ba ka yi a da, cutar da kai ya yi. Masu ɗaga tayar gaba a ayarin biki sun iya sarrafa babur ƙwarai, amma wannan iyawar ba ta hana a kwashe su zuwa Asibitin Ƙashi na Dala.

Horon da ya nuna amfani wani iri ne daban. A Holan, cibiyar binciken kiyaye haɗurra ta SWOV ta gwada wani kwas na wuni ɗaya da ƙungiyar masu babur ta ƙasar, KNMV, take bayarwa. Ba gudu ake koyarwa ba, hango haɗari ake koyarwa. An raba mahaya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka horar da wasu aka bar wasu. Bayan fiye da shekara, waɗanda aka horar sun fi tuƙi cikin natsuwa, kuma ba su ɗauki kansu gwanaye ba. A Ingila ma akwai shirin BikeSafe, inda ɗan sanda gwanin babur yake bin ka a baya a kan titi na gaske, sannan ku zauna ya faɗa maka abin da ya gani. Amfanin ke nan: wani ido ya ga ɗabi'ar da kai ka daina gani, kamar manne wa bayan tirela inda direba ba ya hango ka a madubi, ko wuce mota ta hannun da fasinja yake sauka, ko shiga shataletale ba tare da waiwaye ba.

Saboda haka kafin ka biya kowa, yi masa tambaya uku. Za a hau babur ne ko lacca ce kawai a ɗaki? Za a fita titi malami yana biye da kai? Za a sa ka tsayawar gaggawa a maimaita har ta zauna? In babu waɗannan, takarda kawai za ka saya.

Makarantu irin wannan ba su da yawa a garuruwanmu, amma rashinsu ba ya hana farawa. Ka je wurin bakanike ya gyara maka birkin gaba, ya duba wayar da takalman birkin. Mai faci ya auna iskar taya, in kuma tayar ta suɗe a canza ta. Ka mayar da madubin da ka cire. Sannan ku samu fili mai tauri, busasshe, marar yashi, kai da aboki ɗaya, da hular kwano a ka da takalmi rufaffe. Ku ja layi a ƙasa. Taho da gudun kilomita 20, kana isa layin ka kama birki biyun, kan babur a miƙe, idonka a gaba, abokin ya sa alama inda ka tsaya. Gwada da na ƙafa kaɗai ka ga bambancin da idonka. Idan hannu ya saba, ƙara zuwa 30, daga baya ka ɗauki abokin a baya, tunda da nauyin fasinja kake aiki. Ka maimaita wannan duk lokacin da ka sauya babur ko taya, da kuma gab da faɗuwar damina, domin ruwan farko yana taso da man da ya taru a kwalta.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba. Hular kwano kaɗai, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sawa a Najeriya a watan Janairun 2009, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kusan kashi 70, matuƙar an ɗaure igiyarta.

Kira na ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na tashoshi: kuna karɓar kuɗin tikiti kullum, ku ware wani abu daga ciki ku nemi fili, ku gayyato jami'an kiyaye haɗurra, a yi wuni guda ana hawa ana gwadawa, ba jawabi kaɗai ba. Kuma dattawan tasha su fara shiga layi, domin in yara suka ga mai furfura yana gwada birki, babu wanda zai ji kunyar bin bayansa.