Darasin Kimiyya: Yadda Muryar Mawaƙi Ke Kaiwa Ƙarshen Fili

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan sauti ne, amma da labarin kuɗi za mu buɗe shi.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan dukan maganganunsa da waƙa, makaɗa na rakiya. Yarabawa sun daɗe da yin nasu. A 1962 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta ba da tallafi, Kola Ogunmola ya zauna a Jami'ar Ibadan ya mayar da labarin Amos Tutuola na mashayin bammi wasan waƙa, aka nuna shi a 1963. Duro Ladipo kuma ya kai Oba Koso, wasansa a kan Sango, Balin a 1964 da Landan a 1965. Mu a nan Kudancin Kaduna ba mu rasa kayan aiki ba. Ga bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu da maharbansa da ƙahonninsa, ga bikin Tuk Ham a Kwoi a lokacin Ista. To a ce ƙungiyar matasa a Kafanchan ta samu tallafi don ta shirya irin wannan wasa a fili, da harshen gida. Me za ta fara kashe wa kuɗi? Yawancinku za su ce lasifika da janareta. Ku ajiye amsar tukuna mu yi lissafi.

1. Mene ne sauti?

Sauti karkarwa ce da ke tafiya cikin iska. Ku ɗora yatsu a maƙogwaro ku ce "aaa", za ku ji abin yana rawa. Wasu 'yan tsokoki biyu ne a ciki suke buɗewa suna rufewa, suna turo iska, ita kuma ta je ta kaɗa dodon kunnen mai saurare. Yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da Hz, daga sunan masani Heinrich Hertz. Kunnen matashi lafiyayye yana jin daga Hz 20 zuwa 20,000. Babbar ganga tana can ƙasa, sarewa tana sama. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi, hira ta yau da kullum kimanin desibel 60 ce.

2. Nisa yana cin murya

Wannan doka ku haddace ta: a buɗaɗɗen fili, duk sa'ad da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel 6. Dalili kuwa ƙarfin yana bazuwa ne ta ko'ina, sai rabon kowane kunne ya ƙaranta.

Mu ɗauki mawaƙiyar da muryarta ta kai desibel 90 a tazarar mita 1. A mita 2 saura 84, a mita 4 saura 78, a mita 8 saura 72, a mita 16 saura 66. A mita 32 ta dawo 60, daidai da surutun mai tallan gyaɗa da ke tsaye kusa da kai. Ke nan wanda ya zauna can baya ya ga wasa, bai ji shi ba.

Hunturu ma yana ƙara nasa. Busasshiyar iska ta fi mai laima shanye siraran sautuka, irin su "s" da "sh" da "ts" waɗanda da su ake rarrabe kalmomi. Shi ya sa daga nesa kake jin dukan ganga rangaɗaɗau amma baitin ya ɓace. Mai shirya wasa a Janairu sai ya san da wannan.

3. Sirrin mawaƙin opera

Nan ne abin sha'awar. Yaya mutum ɗaya, ba makirufo, yake fin makaɗa da yawa a kunnen jama'a? Ba wai ya fi su ƙarfi ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin ruwan Matsirga da damina ya san cewa kana yi wa abokinka magana bakinka kawai yake gani saboda rugugin ruwan. Babban sauti yana danne ƙarami, musamman in suna kusa da juna a ma'aunin Hz.

Masanin sauti ɗan Suwidin, Johan Sundberg, ya nuna a shekarun 1970 cewa horarrun mawaƙan opera, musamman maza, suna sauke maƙogwaro su faɗaɗa bututun da ke samansa, sai muryar ta tara ƙarfi a wajen Hz 3,000. Kayan kiɗan kuwa yawancin ƙarfinsu a wajen Hz 500 yake. Mawaƙin ya bar musu hanyarsu ya bi wadda ba kowa. Ƙari a kan haka, ramin kunnen mutum, mai tsawon kimanin santimita 2.5, yana ƙara wa sautukan da ke wannan yanki ƙarfi. In kuka saurari sanƙira ko maroƙi a taron biki, ko mace mai rangaɗa guɗa, za ku ji wani kaifi da ke ratsa hayaniya. Ba su shiga ajin kimiyya ba, amma kunnensu ya kai su kusa da inda Sundberg ya auna.

Wannan horo ne mai ɗaukar lokaci, kuma malamin murya da abincin 'yan wasa lokacin gwaji kuɗi suke ci. A ganina a nan ya kamata kaso mai tsoka na tallafin ya tafi.

4. Bango da amsa-kuwwa

Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. In ya bugi abu mai tauri sai ya dawo. Wanda ya dawo cikin daƙiƙa 0.05, ƙwaƙwalwa tana haɗa shi da na farko, murya ta ƙara cika. Lissafi: 343 × 0.05 ya ba mu kusan mita 17, zuwa da dawowa, wato bangon kada ya wuce mita 8 a bayan mawaƙi. In kuwa jinkirin ya kai daƙiƙa 0.1, bango na nesa da mita 17, to amsa-kuwwa ce, kalma ta hau kan kalma. Duwatsun Kagoro suna yi wa ƙaho ado, amma suna iya dagula baiti. Allon katako mai kauri a bayan dandamali, da kujerun da aka jera rabin da'ira a kan gangare, kafinta na kasuwar Kafanchan zai iya haɗa su, kuma ba sa shan fetur.

Ban ce a yar da lasifika ba. Taro in ya kai dubbai dole ne a nemi taimakonta. Sai dai a tuna cewa awa 8 a cikin desibel 85 ita ce iyakar da masana lafiyar kunne suka gindaya, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan, ga shi yara ne suka fi son maƙalewa a bakin lasifika. Ƙanana da yawa a warwatse cikin fili sun fi tulin manya a gaba.

Aikin gida

(a) Mai busa ƙaho ya ba da desibel 102 a mita 1. Nawa zai rage a mita 64?

(b) Kun tafa hannu a gindin dutse, amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.6. Nawa ne nisan dutsen?

(c) Ku je filin makaranta ku biyu, ɗaya ya riƙa karanta jimla, ɗaya yana ja da baya yana ƙirga taku har ya daina gane kalmomi. Ku sake gwadawa mai karatun ya ba bangon aji baya. Ku kawo alƙaluman biyu ranar Litinin, da su za mu tsara kasafin kuɗin wasan.