Raspberry Pi ta ƙi tashi ko ta ƙi kama Wi-Fi? Ga inda za ka fara dubawa

Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce a kan ɗan allo da bai fi katin cirar kuɗi girma ba. An fito da ta farko a Fabrairun 2012 daga Kambirij ta ƙasar Ingila, da nufin yara su samu abin koyon rubuta manhaja mai araha. Wanda ya saba da waya kan sha mamaki ranar da ya fara kunna ta, domin ba ta da batir, ba ta da sikirin, ba ta da ma'adanar da aka zuba mata babbar manhaja tun daga kamfani. Waya in ta samu matsala takan rubuta maka a fuska. Pi kuwa shiru za ta yi, sai 'yar fitila tana ƙiftawa, kai kuma ka ɗauka ta ƙone.

Da wuya a ce ta ƙone. Kafin ka zargi allon, akwai abubuwa uku da kai ka kawo mata daga waje: caja, katin memori, da saitin Wi-Fi. A cikinsu matsalar ta fi zama.

Cajar wayarka ba lalle ta ishe ta ba

Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Harafin V na nuna ƙarfin turin wuta, A kuma yawan wutar da cajar ke iya bayarwa. Pi 3 na son 5.1V da 2.5A. Pi 4 na son 5.1V da 3A ta USB-C. Pi 5 ta fi su ci, domin cajarta ta asali na ba da 5A. In ka ba ta mai 3A za ta tashi, amma za ta rage wutar da take bai wa ramukan USB zuwa 600mA.

Nan ne masu caja mai saurin cika waya ke ruɗewa. Mutum ya ga an rubuta 33W, ya ce ai wannan ta fi ƙarfin 'yar Pi. Irin waɗannan caja suna kai wa wannan adadi ne ta hanyar ɗaga turin wutar sama da 5V bayan sun yi yarjejeniya da waya. Pi ba ta karɓar komai sai 5V. Don haka layin da ya shafe ka shi ne wanda ya fara da 5V, kuma a caja da yawa 2A za ka gani a gabansa.

Sai kebul. Siririn kebul mai tsawo yana shanye wuta a hanya, ta yadda caja mai kyau za ta fitar da 5V amma abin da ya iso allon bai kai ba. Da zarar ya faɗi ƙasa da kimanin 4.63V, jar fitilar Pi 3 ko Pi 4 za ta ɗauke ko ta riƙa ƙiftawa, sikirin kuma ya nuna gargaɗin ƙarancin wuta. Alamar da ta fi yaudara ita ce Pi ta fara tashi, ta kai rabi, ta koma farko. Lokacin tashi da lokacin kunna Wi-Fi tana jan wuta da ƙarfi, shi ya sa ƙarancin wuta kan fito da kamar matsalar Wi-Fi ce.

In ta tashi, buɗe Terminal ka rubuta `vcgencmd get_throttled`. Amsar `0x0` na nufin lafiya lau. `0x50000` na nufin wuta ta taɓa yin ƙasa tun da aka kunna ta. `0x50005` kuwa yanzu haka tana cikin ƙarancin, har ta rage wa kanta gudu. Kada ka taɓa wani saiti sai wannan ya koma sifili, in ba haka ba za ka yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Ƙirga ƙiftawar koriyar fitila

Koriyar fitila tana ƙiftawa barkatai in Pi na karanta kati, wannan alamar lafiya ce. In ta koma ƙiftawa a tsare, adadi ɗaya yana maimaituwa bayan ɗan tsaiko, to saƙo take aiko maka. Ɗauki bidiyonta da wayarka ka ƙirga a nitse.

Gajeru 4: ba ta ga fayil ɗin `start.elf` ba, wato katin bai rubutu daidai ba. Gajeru 7: ba ta ga kanel ba, zuciyar babbar manhajar ke nan. Dogaye 2 da gajere 1: ɓangaren farko na katin ba tsarin FAT ba ne. Dogaye 4 da gajeru 4: manhajar da ke katin ba ta san wannan allo ba, abin da ke faruwa in ka zare kati daga tsohuwar Pi ka sa wa sabuwa. Pi 4 na buƙatar manhajar da ta fito daga Yunin 2019, Pi 5 kuma daga Bookworm na Oktoban 2023. Wadda ba a son gani ita ce gajeru 8, domin tana nuna matsala a RAM, kuma wannan ba gyaran gida ba ne.

Pi Zero ba ta da jar fitila ko kaɗan, kuma in ba ta samu katin da za ta karanta ba koriyar ma ba za ta kama ba. Zero da yawa da aka yi wa kallon matacciya kati kawai take jira.

Masu Pi 4 da Pi 5 suna da wani gwaji mai sauƙi. Zare katin gaba ɗaya, haɗa talabijin a ramin HDMI da ke kusa da ramin caja, sannan ka kunna. In rubutun bincike ya fito a sikirin, allon na da rai, laifin na kati ne. In babu komai, Raspberry Pi Imager na da hoton gyaran manhajar tashi a ƙarƙashin Misc utility images. Ka rubuta shi a wani kati, ka sa, ka kunna, in sikirin ya koma kore gyara ya yi.

Katin memori

Katin bogi ya cika kasuwa: a jiki an rubuta 64GB, a ciki bai kai rabin haka ba. A waya yakan ɗauki watanni kafin asirinsa ya tonu. Pi kuwa tana rubutu a kansa kullum, ba ya daɗewa. Gwada sabon kati da H2testw a Windows kafin ka yarda da shi, kuma in Imager ya gama rubutu ya shiga tantancewa, ka bar shi ya ƙarasa. Bayan haka Windows na iya cewa katin na buƙatar fomat. Ka ƙi. Ɓangare na biyu tsarin ext4 ne na Linux wanda Windows ba ya ganewa.

Ɗauke wuta babu sanarwa shi ne babban abokin gabar kati a wajenmu. In wuta ta tafi Pi na tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa, gobe ta ƙi tashi. Kashe ta da `sudo shutdown -h now`, ka jira koriyar fitila ta daina motsi kafin ka zare caja. Fawa banki mai ba da 3A na taimakawa, sai dai wasu kan yanke wuta na ɗan lokaci yayin da ake sa su caji ko cire su, wanda ya isa ya kashe Pi.

Ta tashi, amma ba ta shiga Wi-Fi ba

Fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: shin taka tana ma ganin irin zangon da kake watsawa? Pi 3 Model B ta 2016, Zero W ta 2017 da Zero 2 W ta 2021 zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Daga 3B+ ta 2018 zuwa Pi 4 da Pi 5 ne ake samun 5GHz. Tunda yawancinmu da hotsfot na waya muke haɗawa, shiga saitinsa ka mayar da zangon 2.4GHz. A iPhone 12 zuwa sama, maɓallin Maximize Compatibility ne ke yin wannan aiki. Tsaron ma ka zaɓi WPA2, domin WPA3 kan wahalar da Pi, musamman tsofaffi.

Wayoyin Android da dama suna kashe hotsfot da kansu in an ɗau mintoci babu wanda ya shiga. Ka kashe wannan zaɓi yayin gwaji. Sunan hotsfot kuma ka mayar da shi mai sauƙi, haruffan boko da lambobi zalla, babu emoji, babu ƙ ko ɗ. iPhone na ɗaukar sunan wayar ne, mai ɗauke da lanƙwasasshiyar waƙafin sama wadda ba ita ce ta kibod ba; ka rubuta da ta kibod, Pi ta yi ta neman sunan da babu shi. Babban harafi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne a wurinta.

Abu na biyu shi ne ƙasa. Kowace ƙasa na da tashoshin rediyon da ta halatta, don haka Raspberry Pi OS kan toshe Wi-Fi a alluna masu 5GHz har sai ka faɗa mata inda kake. Rubuta `rfkill list`. In ka ga `Soft blocked: yes`, shiga `sudo raspi-config`, Localisation Options, WLAN Country. Najeriya NG ce, Nijar NE, Ghana GH. A kula, NI ta Nikaraguwa ce. Wasu darussa kan sa US, mai kwafa ya kwafe har da ita, alhali da wannan saiti Pi ba za ta ga rautar da ke kan tasha ta 12 ko 13 ba.

Abu na uku shi ne tsofaffin darussa, kuma a ganina su suka fi cin lokacin masu koyo a yanzu. Bidiyo da yawa a YouTube za su ce ka ƙirƙiri fayil mai suna `wpa_supplicant.conf` ka jefa cikin kati, sannan ka shiga da suna `pi` da kalmar sirri `raspberry`. Hanyar ta yi aiki shekaru. Amma an cire wancan suna da kalmar sirri tun Afrilun 2022, kuma daga Bookworm aka miƙa harkar sadarwa ga NetworkManager, wanda ba ya kallon wancan fayil. Babu saƙon kuskure, Pi za ta tashi ta zauna kawai. Ka duba shekarar darasi kafin ka bi shi.

Hanyar yanzu ita ce ka cika komai a Imager kafin rubuta kati: sunan mai amfani, kalmar sirri, sunan Wi-Fi, ƙasa, sannan ka kunna SSH, wanda a kashe yake zuwa tun ƙarshen 2016. In daga baya ka gane ka yi kuskuren harafi a sunan Wi-Fi, ba sai ka sake rubuta kati ba. Canza sunan hotsfot ɗinka da kalmar sirrinsa su dace da abin da ka rubuta, Pi za ta shigo da kanta.

In kana da sikirin da kibod, `nmcli device wifi list` zai jero abin da take gani, `sudo nmtui` kuma ya ba ka jerin zaɓi da za ka shiga da shi. In ba ka da su, haɗa wayar Android da Pi ta kebul ka kunna USB tethering, za ta samu intanet ta nan har ka gyara Wi-Fi. Sai dai wayar za ta riƙa caji daga jikin Pi, don haka caja mai rauni ba za ta ɗauka ba. Adireshin IP ɗinta kan fito a jerin na'urorin da ke kan hotsfot a wasu wayoyi. Daga nan sai ka buɗe Termux ka rubuta `ssh suna@adireshi`. Sunan `raspberrypi.local` ba a kowace waya yake aiki ba.

Tana shiga, tana fita

In haɗin na yankewa bayan wuta ta tabbata lafiya, duba abin da ke kewaye da allon. Eriyar Pi 'yar mitsitsiya ce a jikin allon, gidan ƙarfe na aluminiyam kan danne ta. Filash ko hadis da aka sa a shuɗin ramin USB 3.0 na fitar da hayaniyar rediyo a daidai zangon 2.4GHz, mayar da shi baƙin rami, ko ka nisanta shi da ɗan kebul, ko ka koma 5GHz in taka na iyawa. Akwai kuma yanayin tsimin wuta na Wi-Fi da ke sa SSH ya riƙa sanƙarewa. `sudo iw wlan0 set power_save off` zai kashe shi, amma yana dawowa in ka sake kunna Pi.

Wani lokaci Wi-Fi ya shiga, amma shafuka na kukan takardar tsaro, `apt` kuma ya ƙi sabuntawa. Rubuta `date` ka gani. Ban da Pi 5, wadda ke da wurin sa ɗan batirin agogo, sauran ba sa riƙe lokaci in an kashe su. Sai sun hau intanet suke gyara agogo, kuma hakan kan ɗauki minti ɗaya ko biyu. Ka ɗan jira, ka sake gwadawa. Kafin ka danna `sudo apt full-upgrade` a kan hotsfot, karanta girman abin da ya ce zai sauke, domin a sabon kati yakan kai ɗaruruwan MB na datarka.