Kalmar Sirri Tana Tsare Kwamfutar Gida Kuwa?

A zangon karatu na biyu, ana saura mako guda a fara jarrabawa, wani malami daga cikinmu ya manta kalmar sirrin kwamfutarsa, ga shi kuwa dukan tambayoyin aji uku suna ciki. Muka raka shi wurin mai gyara a cikin gari. Yaron da ya karɓe mu bai kai shekara ashirin ba. Ya soka filashi a jikin na'urar, ya kunna, ya danna nan ya danna can. Kafin mu shanye ruwan da aka kawo mana sai ga tambayoyin nan a fili, har da hotunan iyali da lissafin albashi. Malam ya yi murna ƙwarai. Mu kuwa jikinmu ya yi sanyi, gama yaron bai tambayi kalmar ba, bai ma gwada cankarta ba. Kewaye ta kawai ya yi.

Bari mu duba yadda abin ya yiwu. Cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, nan ne takardu da hotuna suke kwance. Akwai kuma babbar manhajar da take tafiyar da na'urar, kamar Windows. Ita ce take tambayar kalmar sirri, ba faifan ba. Kamar gida ne mai zaure da maigadi, amma bayansa danga ce ta kara. Wanda ya bi ta zaure dole ya amsa tambaya, wanda ya keta danga kuwa ba ruwansa da maigadi. Filashin yaron nan yana ɗauke da wata manhaja dabam. Da ya tā da kwamfutar da ita, Windows ba ta ko farka ba, balle ta yi tambaya. Akwai hanyar da ba ta bukatar ko filashi. A yawancin kwamfutocin da muke saya na hannu, sukudireba ta isa a kwance faifan, a haɗa shi da wata na'ura, a karanta abin da ke ciki.

Wannan rauni ba sabo ba ne. Wajen shekara ta 1961 aka soma amfani da kalmar sirri a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Fernando Corbató, domin mutane da yawa suna aiki da babbar kwamfuta guda. A 1962 wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da yake lokacin da aka ba shi bai ishe shi ba, ya sa na'urar ta buga masa kalmomin kowa da kowa a takarda. Ashe ɗalibai ɗaya suke ko'ina! Malamai da suka yi aiki da Windows 95 da 98 kuma za su tuna, in akwatin kalmar sirri ya fito, danna maɓallin fasawa kawai mutum zai yi ya shige.

To, ashe banza ce ke nan? A'a. Tana hana ƙanin da yake son wasa, da baƙon da aka bari shi kaɗai a falo, da ɗalibin da aka aika ɗakin malamai ya ɗauko alli. Yawancin ɓarnar da ake yi wa kwamfutar gida daga irin waɗannan hannuwa take fitowa, saboda haka ba ƙaramin aiki take yi ba. Amma sai an kulle na'urar in an tashi. A Windows, maɓallin tambarin Windows tare da harafin L ya wadatar. Sai kuma kalmar ta zama mai wuya. Lambobi huɗu hanyoyi 10,000 kaɗai ake iya jera su, ƙananan haruffan Turanci takwas kuwa sun haura biliyan 208. A 2009 aka sace kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou, da aka duba sai aka tarar "123456" ce ta fi yawa. Mu ma mun sha ganin sunan ɗan fari ko shekarar haihuwa, wani lokaci har a rubuce a takarda manne da na'urar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maganin ƙetare danga shi ne sakaya faifan gaba ɗaya, wato a juya dukan abin da ke cikinsa zuwa rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. A nan ne kalmar sirri take samun haƙora, gama ɓarawon da ya kwance faifan ba zai ga kome ba sai tarkacen alamu. Microsoft ya kawo BitLocker tare da Windows Vista, wadda ta iso kasuwa a 2007. Apple kuwa ya sa FileVault ta iya sakaya faifai duka a 2011. Windows 11 ta 2021 tana bukatar wani sashe a cikin na'ura mai suna TPM, inda ake adana mabuɗi, tun daga 2024 kuma sababbin kwamfutoci da yawa sukan sakaya faifai da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Wayoyin zamani ma haka suke, shi ya sa wayar da aka manta lambarta takan gagari mai gyara sai dai ya goge kome. Tsofaffin kwamfutocinmu na hannu fa, akasarinsu a buɗe suke har sai mai su ya kunna wannan tsaro.

Sai dai a yi hattara, wannan kwaɗo bai san mai gida ba. BitLocker yana ba da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wanda ya rasa hanyar shiga, ya kuma rasa lambobin nan, ya rasa takardunsa ke nan, ko kamfanin da ya ƙera manhajar ba zai iya buɗe masa ba. Ma'ajin ikilisiya da yake riƙe lissafin baiko na shekara goma a kwamfuta guda, ya yi tunani a kan wannan sosai. Ya ajiye kwafin lissafin a wani wuri dabam, ya kuma tabbata wani amintacce ya san inda mabuɗin yake, gama mutum yakan yi ciwo, yakan kuma mutu.

Akwai ɓarawon da kalmar sirri da sakayawa duka ba su tare shi, shi ne mai shigowa ta intanet sa'ad da na'urar take kunne. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da asibitocin Ingila, ta kulle takardu tana neman kuɗin fansa. Ba ta canki kalmar kowa ba, ta bi ta wata ɓaraka ce a Windows wadda aka riga aka fitar da facinta tun watan Maris, mutane ba su sa ba. Masu Windows 10 su lura, Microsoft ya daina ba ta irin wannan faci na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba, 2025.

Malam dai ya sake rubuta tambayoyin aji uku tun daga fari, tun da ido na waje ya gan su. Yanzu faifansa a sakaye yake. Takardar lambobi 48 ɗin tana wurin uwargidansa, cikin akwatin da suke ajiye satifiket ɗin yara.