Darasi: Na'urorin Kiyaye Haɗari a Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, in kaka ta yi, ƙungiyoyinmu sukan tara kuɗi su sayi ƙaramar motar kaya, ko su yi shatar ta, domin kai masara da waken suya daga Magami zuwa Gusau, ko daga Tsafe da Bungudu. Masu sayar da mota sukan yi ta yabon na'urorin da ke taimakon direba. Tun da kuɗin na jama'a ne, ya kamata mu san wadda za ta amfane mu a hanyoyinmu.

1. Birkin da ba ya kulle taya

Sunansa ABS. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi a Jamus a 1978. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, tayar tsohuwar mota takan cije, motar ta yi ta sulɓi, sitiyari kuma ya ƙi ji. Wannan na'ura tana kama taya tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda, har direba ya iya kauce wa saniya ko rami. Zai ji birki yana rawa a ƙafarsa. Kada ya ɗaga, aikinta ke nan. Amma mu lura: a kan yashi ko tsakuwa motar tana iya ƙara nisa kafin ta tsaya.

2. Na'urar hana katantanwa

Ana kiranta ESC ko ESP. Ta fito a 1995, kuma tun Nuwamba 2014 dole ne kowace sabuwar ƙaramar mota a Tarayyar Turai ta zo da ita. In mota ta soma zamewa a kwana, sai ta kama taya guda ta miƙe ta. Motar kaya tana da tsayi, tana da saurin kifewa, saboda haka wannan na'ura ta cancanci kuɗinta.

3. Na'urar taƙaita gudu

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta wa motocin haya sanya ta a Fabrairu 2017. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. In aka ninka gudu biyu, nisan tsayawa yakan ninka huɗu. Mun san rashin tsaro a hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau yakan sa direba sauri. Gara a yi lodi tun da dare a tashi da hantsi, a bi ayari, da a makara a yi tsere da rana.

4. Masu dogara da kyamara

Tun Yuli 2024, sababbin motocin Turai suna zuwa da birki mai kama kansa in ya hango abu a gaba, da mai faɗakar da direba in ya soma gyangyaɗi, da mai duba baya. Mai duba baya tana da amfani ƙwarai a kasuwa da ƙofar gida, inda yara ke wasa. Amma mai tsare mota a layinta sai da farin fenti a kan kwalta take aiki. A hanyar burji ba ta ganin kome. Ƙurar hunturu da laka kuma sukan rufe idon kyamara, sai an riƙa gogewa. Kada mu ƙara kuɗi mai yawa dominta.

Yadda za mu gwada kafin mu biya

Yawancinmu 'yar Kwatano muke saye, ba sabuwa ba. A murɗa makulli kafin a ta da inji. Fitilar ABS za ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ta ƙi mutuwa, na'urar ta lalace. In ba ta kama ba sam, watakila an cire ƙwan ne don a ɓoye laifi. A duba lambobi huɗu na jikin taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kowace na'ura ta taya take aiki, tsohuwar taya kuwa ba ta riƙe ƙasa.

Abin da na'ura ba ta iyawa

Ba ta rage kaya. Irin waɗannan motoci wajen tan ɗaya aka ƙera su su ɗauka, watau buhu goma masu kilo 100. In muka jibga ashirin, muka ɗora mutane bisa, mun fi ƙarfin birkin. Ɗamarar kujera kuma ba ta cin ko kwabo, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage mutuwar masu zama gaba da kusan rabi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin taronmu na gaba

1. Buhu nawa muke ɗora wa motarmu, wa ke ƙirgawa?
2. Wa za mu zaɓa ya riƙa duba taya da fitilun allo kowane mako?
3. Nawa za mu ware daga kuɗin kowane lodi domin gyaran birki?

Sakatare ya rubuta abin da aka yanke a littafin ƙungiya, a karanta wa direba a gaban kowa.